Maki Biyun da Mai Awo Ta Ƙi Karɓa

Kafin masu shara su gama da barandar sashenmu ta riga ta iso. Za ka ji ƙarar makulli, sannan ka ji kukan kujerar nan tata da ta hana a canja mata tun ina sabon malami. Takan rataye jaka a jikin ƙofa, ta goge tabarau da gefen mayafi, ta kunna kwamfuta, ta zuba shayi a murfin filas ta manta da shi har ya huce. Daga nan sai ta shiga shafin makaranta ta hau karanta amsoshin ɗalibai, leɓenta yana motsi kamar mai lazimi. In ta gamu da abin da bai yi mata ba, sai ta ce, "Ƙanena, zo ka gani," ko da kuwa ina tsakiyar nawa aikin. Shekara da shekaru teburina yana kallon nata, kuma ban tuna ranar da na gama wani abu a kan lokaci ba saboda wannan kiran.

A ƙarshen zangon da ya wuce ta ajiye aiki. Na jira in ga ko jami'a za ta rubuta wani abu a kanta, ko da layi biyu ne a mujallar ma'aikata, wadda ba ta taɓa rasa shafin da za ta buga hoton ƙofar da aka yi wa sabon fenti ba. Shiru kake ji. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, kuma ina gaya wa mai karatu tun yanzu cewa raina a ɓace yake, da jami'ar, da abokan aikina, har da ita wadda nake yabon. Gwani dai sai an yaba masa, ko da ya sha ƙure maka haƙuri.

Ga aikinta, don wanda bai san yadda muke yi ba. Akwai kwas ɗaya da kowane ɗan shekarar farko sai ya ci, ko likita zai zama ko lauya. Kwas ne na karanta alƙaluma, wato a nuna maka jadawali ko zane ka faɗi abin da yake nufi. Ɗaliban dubbai ne, babu zauren da zai ɗauke su, don haka ta intanet ake yin gwaje-gwajen, kowa daga inda yake. Tambayoyin canki-canka na'ura ce take duba su. Amma akwai waɗanda ɗalibi zai rubuta bayani da kansa, su kuwa sai idon mutum, kuma malamai da yawa ake raba wa.

A da, sa'arka ce makinka. In amsarka ta faɗa hannun malamin da ya karya kumallo lafiya, ka haye. In ta faɗa hannun wanda motarsa ta mutu a hanya, sai ka yi ta addu'a. Amsa iri ɗaya, wannan ya ba ta takwas, wancan ya ba ta uku, kowa kuma ya rantse adalci ya yi. Ita ce ta zo da abin da muke kira ma'auni. Kafin a saki tambaya, a zauna a rubuta ƙarara abin da amsa za ta ƙunsa ta sami cikakken maki, da abin da zai ba ta rabi, da abin da ba zai ba ta komai ba, kowanne da misalinsa. Ranar da ta fara kawo maganar a taron sashe, dattijon da muke ce wa Baba Farfesa, wanda ya koyar da rabin mutanen da ke ɗakin, ya kalle ta ta saman tabarau.

"Malama, ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Tun kina ɗaliba nake duba takarda."

"Haka ne, ranka ya daɗe," ta ce. "To amma duba yawan idanun da ke ɗakin nan, kowanne da tasa kimar. Yaran kuma mudu ɗaya aka yi musu alkawari."

Tun ranar aka laƙaba mata Mai Awo. Da gatse aka sa sunan, ita kuwa ta karɓe shi hannu bibbiyu.

Da a ma'aunin ta tsaya, da da sauƙi. Sai ta ƙirƙiro zaman daidaita hannu. Kafin kowa ya taɓa rabonsa, sai ta tara mu a ɗakin taro mai fanka ɗaya, ta haska amsar wani ɗalibi a bango, ba suna. Kowa ya rubuta makin da ya bayar a guntuwar takarda ya kife. In ta ce a ɗaga, a ɗaga tare, don kada ƙaramin malami ya leƙi na babba ya bi sahu. In hannu bai zo ɗaya ba, ba mai fita. Na taɓa ba wata amsa bakwai, Baba Farfesa ya ba ta huɗu, muka yi ta ja-in-ja har aka tashi daga aiki, direban da ya zo ɗaukarsa ya yi barci a mota. Ita tana zaune tana cewa, "Ku nuna min a ma'auni. Wane layi?" Ba ta ɗaga murya, ba ta kuma gajiya, wannan ne ma abin haushin.

Ita ta sa aka ɓoye sunayen ɗalibai lokacin ba da maki, aka bar mu muna duba amsar da ba mu san ta ɗan wa ce ba. Ita ta sa ake nuna wa ɗalibai ma'aunin tun kafin gwaji, abin da wasu abokan aikinmu suka kira satar amsa da izinin hukuma. Jami'in kwamfutarmu ya gaya min cewa in ya ga lambarta a wayarsa sai ya ajiye abin da yake yi, don ya san wani ɗan ƙaramin abu ta gano a shafin, kuma ba za ta bar shi ya ci abinci ba sai ya gyara. Maigidanta ma bai tsira ba. Na je gaishe shi wata rana da bai ji daɗi ba, ya ja ni gefe ya ce, "Malam, ko haƙuri na ba yayarka sai ta ce kashi uku ne, biyu na kawo." Ta jiyo shi daga kicin ta ce ai har yanzu bai kawo na ukun ba.

Ke ce kika hana mu hutun tsakiyar zango shekara da shekaru, Yaya. Ke ce ɗalibai suke zagi a baranda saboda ba a roƙonki, alhali ke kaɗai ce a ginin nan za ki iya gaya wa yaro dalilin kowane makin da ya rasa. Waɗanda kuka fara aiki tare sun rufe ƙofa sun rubuta maƙalu, sun zama farfesoshi, ana yi musu jiniya. Ke kina nan kina gardama da mu a kan ko "ya yi bayani" da "ya yi bayani da hujja" abu ɗaya ne. Na sha gaya miki aikin nan ba ya kai mutum ko'ina, ba a lissafa shi a ƙarin girma. Kika ce kin sani. Wannan "na sani" ɗin naki ya fi komai ƙona min rai.

Amma ba don waɗannan kaɗai na zauna rubutu ba. Makonta na ƙarshe ne ya sa.

An gama duba amsoshi, an haɗa sakamako, kowa ya fara haɗa jakar hutu. Ranar Alhamis da tashi daga aiki za a kulle shafin sakamako, daga nan sai majalisar jami'a, kuma abin da ya shiga majalisa ba ya dawowa. A ranar Alhamis ɗin ne kuma da rana muka shirya mata walimar ban kwana. Sai ranar Talata wata ɗaliba ta yi sallama a ƙofar ofishinmu, matar aure ce da goyo a bayanta. Wannan ne karonta na uku a kwas ɗin. Dokar makaranta kuwa a bayyane take, wanda ya faɗi sau uku an sallame shi. Maki biyu ne suka rage mata ta haye.

"Mama, ba roƙo na zo ba," ta ce, tana tsaye ta ƙi zama. "Na san ba a roƙonki. Ma'aunin nan naku na bi shi layi-layi a tambayar ƙarshe, na ga sifili. So nake kawai a nuna min inda na kauce, ko da na tafi in san abin da ya kore ni."

Tambayar zane ce, na yawan marasa lafiyar da suka zo wani asibiti wata-wata a cikin shekara. A faɗi watan da suka fi yawa, a yi bayani da alƙaluman da ke zanen. Amsar Oktoba ce, ko makaho ya shafa zai ji. Ɗalibar ta ce ita Yuli ta rubuta. Ni har na buɗe baki zan ce to ai magana ta ƙare, sai Mai Awo ta ɗaga min hannu.

"Da me kika yi gwajin, 'yata?"

"Da wayar maigidana."

"Tana hannunki?"

Tana hannunta. Aka buɗe tambayar a wayar, muka sunkuya mu uku. Zanen ya tsaya a watan Agusta. Sauran watannin suna can gefe, sai ka ja hoton da yatsa kafin su fito, kuma babu wata alama da ta ce ka ja. A abin da wayar ta nuna, Yuli ne ya fi kowane wata tsawo. Mu malamai duka a kwamfuta muka tsara tambayar, a kwamfuta muka duba amsoshin, babu wanda ya taɓa kallonta a ƙaramin allo. Ma'aunin kuma ya ce wanda ya kuskure watan ba shi da makin bayani, tunda bayani a kan kuskure ya ginu.

Mai Awo ta cire tabarau ta ajiye a kan tebur.

"Ni na rubuta layin nan da hannuna," ta ce. "Ni na yi wannan ɓarnar."

Ta ce wa ɗalibar ta jira a baranda, ta ja ni muka tafi ofishin shugaban sashe. Mutumin kirki ne, mai gudun fitina. Ya saurara, ya kalli wayar, ya yi salati, sannan ya kawo maganin da duk mai hankali zai kawo.

"Abin ai mai sauƙi ne, Hajiya. A ƙara wa baiwar Allah maki biyun, ni zan sa hannu. Ba wanda zai ji, ba wanda zai gani. Ke ma ki tafi gida lafiya."

Na ji wani sanyi a raina. Na ce a zuciyata yau dai za a gama abu ɗaya a sashen nan ba tare da taro ba.

"A'a, ranka ya daɗe," ta ce.

Abin da take so shi ne a gyara ma'aunin. Duk wanda ya ce Yuli, a duba bayaninsa a kan abin da ya gani, a ba shi abin da bayanin ya cancanta. A sake duba su duka, sunaye a rufe, har da amsar wannan ɗalibar a cikinsu, ba tare da an san wacce ce tata ba. Shugaban sashe ya kira jami'in kwamfuta ya tambaye shi mutum nawa ne suka ce Yuli. Da amsar ta zo sai ya dafe kai, don ɗaruruwa ne.

"Hajiya, kulle shafin nan ba a hannuna yake ba. In Alhamis ta yi ba ku gama ba, tsohon sakamako ne zai tafi. A lokacin ko maki biyun ba zan iya ba ta ba."

"Na sani."

Ga "na sani" ɗin nan tata kuma. A nan ne na kasa daurewa. Na ce mata, a gaban shugaba, abin da ban taɓa gaya mata ba. Na ce, "Yaya, da rayuwar mutum kike wasa. Ki karɓi maki biyun nan a ajiye mata, sannan a sake duba na sauran in lokaci ya isa. Me zai ragu a jikinki?"

Ta juyo ta kalle ni.

"In na karɓa, wa zai zauna ya duba na sauran? Kai za ka zauna?"

Ta san ni, ta kuma san mutanen da muke aiki da su. Da an sallami mai goyo da makinta, da kowa ya ce alhamdu lillahi ya kama hanyar gida, sauran kuwa sai dai a ce Allah ya ba su haƙuri. Gaskiya ta faɗa, amma gaskiyar ba ta rage min haushi ba ko kaɗan.

Ta fita baranda da kanta ta gaya wa ɗalibar komai, har da tayin da aka yi ta ƙi. Ta ce mata ba ta yi mata alkawarin ci ba, alkawarin da ta yi shi ne za a karanta abin da ta rubuta. Ɗalibar ta gyara zanin goyonta, ta ɗaure shi tamau, ta sauka daga bene. Na bi bayanta da kallo ta taga har ta fita ƙofar sashe, ina jin kamar in koma in sa hannun da kaina.

Ranar Laraba aka aika wa duk masu duba amsa saƙo. Ban taɓa sanin abokan aikina suna da dangi marasa lafiya da yawa haka ba. Wannan surukarsa tana asibiti, wancan ya tafi ta'aziyya, wata wayarta ta faɗa ruwa amma ta iya turo saƙon cewa ta faɗa ruwa. Mu uku muka zauna, ni da ita da wata ƙaramar malama da ba ta riga ta koyi ƙarya ba. Kuma don a san irin matar da nake magana a kanta, lokaci yana ƙure mana amma sai da ta sa muka yi zaman daidaita hannu a kan sabon ma'aunin, mu uku, da guntayen takardu, da "a ɗaga tare". Na ce mata gida yana cin wuta tana auna ruwan da za a watsa. Ta ce in nuna mata a ma'auni. Muka duba har idanunmu suka yi ja, aka tashi daga aiki ba mu ci rabi ba.

Ranar Alhamis da rana kuwa kowa ya warke. Surukai sun sami sauƙi, masu ta'aziyya sun dawo, wayar da ta faɗa ruwa tana ɗaukar hoto. Zauren ya cika, an ɗaura balan-balan, ga kek, ga lemo, ga kyautar da aka naɗe da takarda mai ƙyalli. Maigidanta da 'ya'yanta suna layin gaba. Ita ba ta shigo ba sai da aka fara rabon abinci, ta zauna, ta bar kowa ya ci ya ƙoshi. Da aka miƙa mata abin magana don ta yi godiya, sai ta miƙe.

"Na gode, Allah ya bar zumunci. Akwai yara ɗaruruwa da muka ba sifili a kan zanen da ba su gani ba, laifin kuma nawa ne. Wasunsu yau za a kore su. Ni ba na son jawabi. Duk wanda ya taɓa duba amsa tare da ni, ya ciro kwamfutarsa ko wayarsa."

Shugaban sashe yana riƙe da takardar jawabinsa, ya rasa inda zai sa ta. Na ga mutum biyu sun fara kallon ƙofa, sai suka tarar babbar 'yarta ta riga ta jawo kujera ta zauna a bakin ƙofar tana murmushi. Wanda ya fara magana shi ne Baba Farfesa, mutumin da bai taɓa yarda da ma'auni a fili ba ko sau ɗaya. Ya goge bakinsa, ya ture farantin kek.

"Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski," ya ce. "Da gangan ta bari muka ci. A turo min nawa."

To in Baba ya zauna, wa zai tashi? Aka ture faranti, aka jawo tebura. Ta haska sabon ma'aunin a bangon da aka shirya don nuna hotunanta na ƙuruciya. Kuma, Allah shaida, sai da ta sa aka yi zaman daidaita hannu, a bayan takardun gayyata aka rubuta makin. Ana cikin aiki intanet ɗin makaranta ya ɗauke, kamar yadda ya saba in an fi buƙatarsa, aka koma jona kwamfutoci da wayoyin mutane, har da ta maigidanta, wanda ya ce shi dama ya san ba a banza aka gayyace shi ba. Babu mai magana sai gunaguni. Lokaci-lokaci wani ya ce, "Hajiya, wannan ya ce Yuli amma bai kawo alƙaluman zanen ba ko ɗaya," ta ce, "To ka san layinsa." Ni kuwa kowace amsa na buɗe sai in ce ko ta mai goyo ce, hannuna ya so ya yi nauyi wajen alheri, sai in ɗago in ga tana kallona.

Masu shara sun fara leƙowa lokacin da jami'in kwamfuta ya ce an gama, ya tura. Bai daɗe da turawa ba shafin ya kulle. Sai a lokacin aka buɗe sunaye. Ban tsaya kunya ba, na ture shi gefe na nemi sunan ɗalibar da kaina.

Ta ci. Ba da maki biyu ba, ta wuce da tazara. Amsarta a hannun Baba Farfesa ta faɗa, mutumin da ba ya ba da cikakken maki ko ga ɗan cikinsa, ya ba ta kusan duka. Bayan ita akwai wasu da dama da suke bakin kora su ma suka haye, waɗanda ba su zo ofis ba, ba su san akwai abin da za a zo a tambaya ba, sun ga sifili sun ce kansu ne ba ya ja. Akwai kuma waɗanda aka sake dubawa suka sake faɗuwa, don ma'auni ba sadaka ba ne. Ba a yi jawabi ko ɗaya ba a walimar nan. Kyautar ma a naɗe maigidanta ya ɗauke ta ya sa a mota.

Mako na gaba tana kwashe littattafanta a kwali sai ga ɗalibar ta dawo. Ta durƙusa tun daga bakin ƙofa tana jero godiya, tana cewa ba ta da abin da za ta saka mata da shi. Mai Awo ta ce ta tashi.

"Ni ban san wacce ce amsarki ba har aka gama. Ba ma ni na duba ta ba."

"To wa ya taimake ni, Mama?"

"Ba wanda ya taimake ki. Abin da kika rubuta aka karanta."

Ɗalibar ta yi tsaye tana kallonta. Sai na ga idonta ya ciko.

"Ke nan ba don goyon nan ba ne? A gidanmu kowa cewa yake tausayina aka ji. Maigidana ma ya ce in gode wa yaron, shi ya ci min jarrabawa."

"Ki ce masa ke kika ci. In yana musu ya zo a nuna masa."

Ta yi dariya tana share hawaye da bayan hannu, ta ce yau kuwa sai ya ji. Ta fita ba ta ko yi min sallama ba, na kuma yafe mata.

A nan na gane abin da maki biyun nan za su ƙwace mata da an ba ta. Da ta haye, amma da ta ƙare karatunta, ta yi aiki, ta tsufa, tana ganin alfarma ce ta fisshe ta. Mu da muke ganin mun fi ki tausayi, Yaya, abin da muka so mu ba ta ke nan. Har yanzu ina ganin kin yi ganganci, kuma da intanet ɗin nan bai dawo ta wayoyin mutane ba, da ban san da wane ido zan kalle ki ba. Amma ke ce kika ga laifinki kika faɗe shi a gaban zaure, ranar da aka taru don a yabe ki. Ke ce kika tuna da waɗanda ba su ƙwanƙwasa ƙofa ba. Ba za su taɓa sanin sunanki ba, wasunsu ma har gobe suna cikin masu zaginki a baranda.

Na gode, Mai Awo. Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki lafiyar cin hutun da kika hana mu, ya ba maigidanki haƙurin zama da ke yini guda cur. Jami'a ba ta ce komai ba, to ni na ce.

Ku kuma 'yan'uwana malamai, na nan da na ko'ina, ba na ce ku zama ita ba, don mutum ɗaya irinta ya ishi sashe. Amma ku rubuta ma'auninku kafin ku saki tambaya, ku nuna wa yaran, ku buɗe tambayar a irin wayar da suke riƙewa. Ranar da ɗalibi ya tsaya a ƙofarku maki biyu sun rage masa, kafin ku ji tausayinsa ku ba shi, ku fara dubawa ko dama nasa ne kuka riƙe.